Ƙwayoyin halittar da ke farfaɗo da ƙasar noma

Masu lambunan tuffa a Turai da Amurka sun daɗe suna fama da wata matsala: idan aka sare tsofaffin itatuwa aka dasa sababbi a gurbinsu, sai dashen ya tsumbure ko da an wadata shi da taki.

Bincike ya nuna cewa ƙwayoyin cuta da ƙananan tsutsotsi ne ke taruwa a ƙasar shekara da shekaru, su riƙa cin saiwar sabon dashe.

A da, ana kashe su ne da wata guba mai suna methyl bromide, amma ƙasashe masu arziki sun taƙaita amfani da ita daga 2005 saboda illarta ga sararin samaniya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa masana suka karkata ga bakteriya masu amfani, waɗanda ke zama a jikin saiwa suna hana masu cutarwa sakat.

Ba a noman tuffa a Utai da ke ƙaramar hukumar Wudil a jihar Kano, to amma maganar gajiyar gona ba baƙuwa ba ce, kuma irin wannan taimako yana nan a ƙarƙashin ƙasarsu.

Duk wanda ya tuge wake ko gyaɗa zai ga wasu ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. Bakteriyar rizobiyam ce a ciki, wadda ke ɗauko sinadarin naitirojin daga iska ta ba shukar. Sinadarin da manomi ke saye da tsada ke nan a buhun takin yuriya.

Idan aka fasa ƙullin aka ga cikinsa ja-ja, to tana aiki.

Wake da gyaɗa kan samu irin tasu bakteriyar a ƙasar Hausa. Waken suya, wanda asalinsa daga Asiya ne, shi ya fi buƙatar a ƙara masa.

Shirin N2Africa, wanda aka fara a 2009 a ƙarƙashin jagorancin jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan, ya gwada wannan dabara a gonakin jihar Kano. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan kuma ta samar da wani gari mai suna Nodumax, da ake cuɗa shi da irin waken suya kafin shuka.

Sai dai abin yana da sharaɗi, domin halitta ce mai rai. Zafin rana na kashe ta, don haka a inuwa ake cuɗawa, a shuka a ranar. Haka kuma ba ta maye gurbin takin sufa, wanda saiwar ke buƙata kafin ƙullin ya yi kyau.

Gero da dawa ba sa yin wannan ƙulli, sai dai su ci moriyar abin da waken ya bari a ƙasa idan aka shuka su a gurbinsa a damina mai zuwa.