Dutse Ɗaya Ba Ya Ba da Labarin Rami

Tun da harkar ma'adinai ta buɗe a Arewa, daga zinaren Birnin Gwari zuwa litiyom da ake rububinsa a Kaduna da Nasarawa, akwai ɗabi'ar da ke cinye jarin mutane, kuma ganganci ne zalla. Mutum zai sauka a tashar Kawo ta Kaduna da ƙunshin duwatsu a leda, ya zaro guda mai walƙiya, ya shafa masa yawu don ya ƙara sheƙi, ya rantse cewa ramin cike yake da irinsa. Ɗan kasuwar da ba ya sayen buhun masara sai ya zura hannu har ƙasa, shi ne zai zuba kuɗin gidansa a kan tsakuwa ɗaya. Wanda kuma ya ce shi wayayye ne, zai kai gwaji, sai ya ɗauki wannan zaɓaɓɓen dutsen ya kai, ya dawo da takarda mai hatimi yana nuna wa masu zuba jari. Takardar gaskiya ta faɗa, amma a kan dutsen da aka miƙa mata kawai.

Dubi yadda ake aikin. A ɗakin gwaji ana busar da samfurin, a farfasa, a niƙe shi ya yi laushi kamar gari, sannan a ɗebi giram 30 ko 50 a gauraya da sinadarai, a narke a wuta mai zafin da ya wuce digiri 1,000, har 'yar ƙwayar zinaren ta fita a auna ta. Ana rubuta sakamakon ne da giram nawa ke cikin tan guda. Dutsen da ke da giram 5 a tan, wato a buhu goma masu kilo 100, masu sana'ar na ɗaukarsa mai kyau, kuma sau da yawa ido ba ya ganin komai a jikinsa. Abin da ke ƙyalli ruwan ɗorawa yana ruɗar mutane galibi haɗin ƙarfe ne da farar wuta. To, idan giram 50 ne zai yi magana da yawun tan ɗari, duk wanda ya zaɓi kyakkyawa ya kai, kansa ya yaudara tun kafin a kunna wuta. Samfuri na gaskiya ana tsinto shi ne daga sama da tsakiya da ƙasan rami, har da wuraren da ba su da kyan gani, a farfasa, a cakuɗa sosai, a tara a raba gida huɗu, a ɗauki kashi biyu masu fuskantar juna, a sake cakuɗawa a raba har ya rage abin da za a iya ɗauka. Mai saye ya tsaya a bakin ramin da kansa lokacin ɗiba, kuma ya ajiye rabin samfurin a ɗaure a wurinsa don a sake gwadawa wani wuri idan an yi gardama.

Za a ce ai mai saye na zuwa da na'urarsa ta hannu, ya ɗana a kan dutse lambobi su fito nan take. Na'urar tana da amfani, sai dai fatar dutsen kawai take karantawa, a ɗan wurin da bakinta ya taɓa. Juya dutsen, lamba ta canza. Ba ta iya gane zinare idan ya yi ƙaranci, kuma ba ta ganin litiyom kwata-kwata saboda rashin nauyinsa. Ga shi kuma wanda zai biya kuɗin ne ke riƙe da ma'auni. Wasu su ce gwaji na da tsada. Ya kai kuɗin hayar injin haƙa na wata guda a ramin da babu komai? Ba ma a iya cewa wurin ya yi nisa: ɗakunan gwaji na Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya suna nan cikin Kaduna, haka ma hukumar neman albarkatun sarrafa ƙarfe da ke Malali, ga cibiyar ƙarafa ta Jos.

Asarar kuɗi ma mai sauƙi ce. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara aƙalla 400 suka mutu da gubar dalma. Dutsen zinaren da ake kaiwa gida a daka a turmi ko a niƙa a inji a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma yana ɗauke da dalma mai yawa, ƙurarsa ta zauna a tsakar gidan da yara ke rarrafe. A 2015 abin ya maimaita kansa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, yara 28 suka tafi. Duk da haka har gobe masu kai samfuri zinare kaɗai suke tambaya, don kada kuɗin gwaji ya ƙaru. A ce a duba dalma da arsenik tare, a rubuta a takardar. Kafin sakamako ya fito, buhun dutse ba shi da wurin zama a zaure ko ɗakin ajiyar abinci, balle a gidajen haya na Kawo da Hayin Banki inda iyalai da yawa ke tarayya a tsakar gida ɗaya, kuma mai injin niƙan hatsi da aka kawo wa dutse ya mayar wa mai shi kayansa.