Gigin Tsufa: Abin Da Hoton Ƙwaƙwalwa Ya Bayyana

A birane da ƙauyukan ƙasar nan ba a rasa tsohuwar da ta soma mance sunayen jikokinta, ko tsohon da ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida. Wasu kan ce tsufa ne kurum, wasu su ce sammu ne, a wasu wurare har akan ɗora wa tsohuwa maita a wulaƙanta ta. Binciken likitoci ya tabbatar da cewa wannan hali, watau gigin tsufa, cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma akwai na'urorin da ke nuna alamunta ƙuru-ƙuru.

Abincin Ƙwaƙwalwa

Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin baligi ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa lokacin hutu. Abincinta sukari ne da iskar oksijin, jini ne kuwa ke kai mata su dare da rana, domin ba ta da rumbun ajiya na kirki. Sashen da ke aiki sosai yakan jawo jini mai yawa. Wanda ya raunana sai cinsa ya ragu.

Yadda Ake Ɗaukar Hoton

A shekarar 1948 masana biyu na Amurka, Seymour Kety da Carl Schmidt, suka bayyana hanyar auna jinin da ke ratsa ƙwaƙwalwar mutum mai rai. A 1976 kuma, a Jami'ar Pennsylvania, aka fara yi wa mutum allurar wani sukari mai alama da ake kira FDG domin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsa.

A yau da na'urar PET ake wannan aiki. Akan yi wa mutum allurar, ya huta kamar rabin sa'a ko fiye, kana ya kwanta cikin na'urar. Ita kuwa sai ta bi sawun sukarin, ta nuna sashen da ya ci da yawa da wanda ya ci kaɗan. Na'urar SPECT da wani nau'in hoton MRI su kuma gudun jini suke nunawa.

Abin Da Aka Gano

Gigin tsufa iri-iri ne, kowanne da tambarinsa. A cutar Alzheimer, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, cin sukari yakan ragu a gefunan ƙwaƙwalwa da samanta ta wajen baya, kuma akan ga haka tun mantuwa ba ta tsananta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan cuta ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu gigin. A wani irin, sashen goshi ne ke raunana, sai halin mutum ya sake kafin mantuwa ta zo. Idan kuwa toshewar jijiyoyin jini ce sanadi, raunin yakan fito dabbare-dabbare, nan da can.

A lura, raguwar cin sukari ba ta nufin a ƙara wa tsoho sukari a koko. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ne suka gaza, kuma ciwon sukari da ba a kula da shi ba ƙara ɓarna yake yi.

Kira Ga Jama'a

Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar Alzheimer, amma rigakafi ya fi magani. Hawan jini, ciwon sukari, shan taba da rashin motsa jiki duk suna lalata jijiyoyin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa, saboda haka ya kamata kowane magidanci da uwargida su riƙa zuwa awon jini.

Wanda ya ga alamun gigi ga mahaifinsa ya kai shi asibiti da wuri. Ba kowa ke bukatar hoto ba: tambayoyin likita da gwajin jini kan gano wasu sanadin ruɗewa masu magani, kamar ƙarancin bitamin B12. Tsohon da ya gigice maras lafiya ne, haƙƙinsa ne a yi jinyarsa cikin haƙuri da girmamawa.