Daga Bayan Tunkiya Zuwa Hular Jariri

'Yan'uwana mata da 'yan makaranta, ga hunturu ya ƙarato, kowa ta ɗauko kwarashinta. To, kin san yadda ake yin ulun da kike saƙa da shi?

A lardin New Brunswick na ƙasar Kanada akwai wata ma'aikatar zaren ulu da ta fara aiki tun 1857, yau sunanta Briggs & Little. Da za ki shiga irin wannan wuri, abin da za ki fara gani shi ne tulin gashin tumaki, duk maiƙo da datti. Sai a wanke, a rina, sannan inji mai haƙoran waya ya shiɓe shi, ya fito dogo da laushi, ba murɗi. Kamar sutun kakanninmu ke nan, illa nasu na auduga ne. Wani sai inji ya kaɗa ya zama zare. Wani kuwa haka ake sayar da shi, mata su kaɗa da mazari, ko su cuɗa da ruwan zafi da sabulu har ya dunƙule, su yi hula ko 'yartsana.

Ki lura, wannan cuɗawar ita ce kuma ke lalata rigar sanyin ɗanki, ta ƙanƙance. Saboda haka ki wanke da ruwan sanyi a hankali, kada ki murɗe, ki shimfiɗa a inuwa.

In kin sayi zare, ki ƙona bakinsa kaɗan. Ulun gaske ƙaurin gashi yake yi, ya zama toka. Na roba narkewa yake yi. Kada a sayar miki da roba a kuɗin ulu.

Allah ya ba da sa'a, amin.