Yawon Kallon Tsuntsaye A Bakin Tekun Gambiya

Yau za mu bar zancen girki, mu leƙa ƙasar Gambiya, inda mutane ke biyan kuɗin jirgi tun daga Turai don su kalli tsuntsaye kawai. Na san wata za ta ce, to tsuntsu kuma me abin kallo? Ki dai gyara zama.

Kudu da Banjul, babban birnin ƙasar, akwai wani garin masunta mai suna Tanji. A gefensa gwamnati ta keɓe wani yanki a shekarar 1993 domin kare tsuntsaye. Masu zuwa kallo sukan shiga tare da ɗan jagora, wanda ya san kowane tsuntsu da kukansa. Da sassafe ake fita, kowa da madubin hangen nesa a wuya, ba hayaniya, ba tufafi masu ɗaukar ido.

Jagoran yakan duba lokacin ruwa. Kin san teku na cika yana janyewa sau biyu a kowace rana. In ya janye sai taɓo ya bayyana cike da tsutsotsi da ƙananan kaguwa, nan tsuntsaye ke sauka kiwo. Za a ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya yana jiran kifi, ga balbela, ga kwasakwasa mai jaka a ƙarƙashin baki wadda take kamfato kifi da ita. A cikin kurmin da ke bayan rairayi kuwa akwai birai da guza.

Wanda aka fi ɗokin gani shi ne wani irin shaho mai cin kifi, Turawa na ce masa osfire. Yakan tsaya a sama yana kaɗa fiffike, sai ya faɗo ruwa da ƙafafu, ya tashi da kifi a farce. Wasunsu daga Sikotilan suke tasowa, tafiyar kusan kilomita 5,000, su tsallake hamadar Sahara. Suna isowa wajen watan Oktoba don gudun sanyin Turai, su koma wajen Maris su yi ƙwai. Kamar dai shamuwarmu ce, da ke zuwa da damina ta tafi da kaka. Mu ma muna samun irin waɗannan baƙi a fadamun Haɗeja da Nguru.

Kunkurun teku ma yana zuwa gaɓar Gambiya. Macen takan fito da dare, ta haƙa rami a rairayi, ta zuba ƙwai kamar 100, ta rufe ta koma ruwa. Bayan wajen wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe su nufi teku da kansu. Ɗaya daga cikin abokan gabarsa leda ce: yana ganinta tana yawo a ruwa sai ya zaci abinci ne, ya haɗiye, ta toshe masa hanji. Gambiya ta hana amfani da jakar leda a shekarar 2015.

To ga abin da ya shafe mu, uwargida. A inda masuntan Tanji ke sauke kifi, ungulu na nan tana yawo cikin mutane. Ki tambayi maigida, yaushe rabonsa da ganin ungulu a mahauta? Guba da masu farautarta don sayar da sassan jikinta sun kusa ƙarar da ita a wajenmu. Alhali ita ce ke cinye mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta.

Ba sai kin je bakin teku ba. Ki hana yaranki harbin tsuntsaye da danƙo da kwasar ƙwai a sheƙa. Ki tattara ledar gidanki kada ta bi kwata. In zafi ya tsananta, ki ajiye ruwa a kasko a gindin bishiyar tsakar gida, ki zauna da yara ku ƙirga irin tsuntsayen da za su sauko sha, ki gaya musu sunayensu.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.