Tulun Exekias da Zanen Polygnotus

Girkawan dā sun zana yaƙin Troy a jikin tukwane, sun kuma zana shi a manyan zauruka. Na tukwane da dama sun iso gare mu, amma na zaurukan sai dai labari.

Akwai wani tulu da Exekias ya zana a Athens tsakanin shekara ta 540 da 530 kafin haihuwar Annabi Isa, yau yana gidan tarihi na Vatican. Jaruman Girkawa Achilles da Ajax ne a zaune, sun duƙufa kan wani wasa mai kama da dara. Kowa na riƙe da masunsa, garkuwarsa na jingine a bayansa. Kusa da bakin Achilles an rubuta "huɗu", kusa da na Ajax "uku". Mai kallo ya san abin da ke jiransu: Achilles zai faɗi a Troy, Ajax zai ɗauko gawarsa, sannan ya kashe kansa don an hana shi makaman mamacin.

Shi kuwa Polygnotus, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, faɗuwar birnin Troy ya zana a Delphi, cikin zauren da mutanen Knidos suka gina. Ko ɓarɓashin zanen bai saura ba. Wani marubuci mai suna Pausanias ne ya gan shi bayan shekara kusan 600, ya bi shi mutum-mutum ya rubuta. Exekias ya tsaya kafin masifa, Polygnotus ya zo bayanta. A zanen nasa ana kwance tantuna, ana shirya jirgin Menelaus, matan Troy na zaune cikin bauta, Cassandra ta rungume gunkin Athena. A cikin Girkawa, Neoptolemus kaɗai ke ci gaba da kisa. Can gefe iyalin Antenor na Troy, waɗanda aka bari da rai, ana ɗora musu kaya a kan jaki, ga ƙaramin yaro zaune bisansa.

Tulun ya tsira ne domin gasasshen yumɓu ba ya ruɓewa, kuma an binne shi a kabari a Vulci ta Italiya. Da shi ido ke yanke hukunci da kansa, har ƙananan zanen mayafin jaruman. Na Polygnotus kuwa dole mu yarda da bakin mutum ɗaya, ba launi, ba motsin hannu.

Duk da haka, a ganina zanen da ya ɓata ya fi faɗin gaskiyar yaƙi. Exekias ya tausaya wa jarumai biyu, kuma ya yi hakan da ƙwarewar da ba ta da tamka. Polygnotus ya ba waɗanda aka ci da yaƙi wuri, har mata da yara.