Jarumin da ke kan jakar ɗanka zai iya koya masa karatu?

Duk wanda ya je Kasuwar Wunti sayen jakar makaranta ya san rigimar: yaro ya kafe sai mai hoton Spider-Man. Ya san sunan jarumin, ya san abokan gabarsa, amma a miƙa masa littafi ya karanta layi biyu, sai ido ya raina fata.

Ba a Bauchi kaɗai ba ne. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. A jihohin Bauchi da Sakkwato, littattafan Mu Karanta sun shiga ƙananan azuzuwan firamare don koyar da haɗa baƙi da Hausa. Sai dai iya haɗa baƙi daban, son karatu daban.

A nan ne littattafan labari cikin zane suke da rana. Maganar da ke kowane akwati gajera ce, hoton kuma yana taimaka wa yaro ya gane kalmar da ta ba shi wuya. Yana son sanin ko jarumi zai tsira, don haka da kansa zai buɗe shafi na gaba, ba tsawa ba bulala. Malami na iya rufe maganar jarumin ya ce ɗalibai su rubuta tasu, ko ya yanka akwatunan ya ce su jera su daga farko zuwa ƙarshe. Darasin wanke hannu ma ya fi zama idan ƙwayar cutar kwalara ce mugun labarin.

Iyayen da ke ɗari-ɗari suna da hujja. Wasu littattafan cike suke da duka da shigar da ba ta dace ba, kuma yawancinsu da Turanci ne. A duba kafin a miƙa wa yaro.

Abin takaicin, ba jarumai muka rasa ba. Roye Okupe, ɗan Najeriya mazaunin Amurka, ya ƙirƙiro jarumarsa Malika ne daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, kuma da Turanci. Ga Iliya Ɗan Maiƙarfi, ga Malam Yakubu da ya kafa garin nan, ga Gizonmu da ya riga na Amurka iya wayo, duk suna jiran mai zane.

Kafin ya samu, a ninke farar takarda gida shida, yaro ya zana tatsuniyar da kaka ta ba shi jiya, ya rubuta maganar kowa a kansa, sannan ya karanta wa ƙannensa bayan sallar isha'i.