Daga Agege Zuwa Otigba: Abin Da Masu Haɗa Kwamfuta Ke Dubawa Kafin Su Biya Kuɗi

Tashar Ikeja ce ke bin ta Agege a jirgin ƙasa na jan layi, wanda Gwamnatin Jihar Legas ta fara jigilar fasinjoji da shi a watan Oktoban 2024. Wanda ya sauka a nan, taku kaɗan zai yi ya tsinci kansa a titin Otigba, tsakiyar kasuwar Computer Village, wadda ta bunƙasa tun cikin shekarun 1990 har ta zama cibiyar cinikin kwamfuta da wayar salula mafi shahara a Najeriya. An daɗe ana batun mayar da ita Katangowa, ta wajen Abule Egba, amma har yanzu hada-hadar tana nan inda aka san ta.

Agege ta yi suna da fataucin goro da dabbobi, sana'o'in da suka zaunar da Hausawa a unguwar tun zamanin da layin dogo ya ratsa ta. Sai dai a cikin jikokin waɗancan fatake akwai matasan da hajarsu ta bambanta: masu tace bidiyon biki, masu zanen kati da allunan talla, masu kula da cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, da masu sha'awar wasannin bidiyo. Da yawa daga cikinsu ba sa sayen kwamfutar tebur a haɗe. Sassa suke tsinta ɗaya bayan ɗaya, su haɗa da hannunsu, su sayar da tsohon sashe su cika kuɗi su sayi wanda ya fi shi. Haka kuma 'yan uwa da abokai daga Kano da Kaduna da Sakkwato kan turo musu saƙon sayayya, abin da ke sa kuskure ɗaya ya ci kuɗin mutum ya kuma taɓa amanarsa.

Kuskuren ya ƙara tsada a 'yan shekarun nan. Kusan dukkan waɗannan kayayyaki da dala ake shigo da su. Kafin Babban Bankin Najeriya ya sake wa naira mara a watan Yunin 2023, ana canzar da dala a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Sannan a ƙarshen 2025 farashin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ya yi tashin gwauron zabi a duniya, saboda manyan kamfanonin da ke ƙera ta, Samsung da SK Hynix da Micron, sun karkata ga cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira masu saye da yawa. A watan Disamba na shekarar, Micron ya sanar da cewa zai daina sayar da samfurinsa na Crucial ga ɗaiɗaikun masu saye. Hukuncin da aka yanke a Amurka da Koriya ta Kudu, a teburin ɗan kasuwar Otigba ake jin nauyinsa.

Sunan da ke jikin sitika

Tarkon da ya fi kama sabon shiga shi ne dogaro da suna. Ana yawan jin mai saye yana cewa shi Core i7 yake so, domin ya ji an ce ya fi i5 da i3. Maganar gaskiya ce, amma sai idan zubinsu ɗaya. Kamfanin Intel ya shafe shekaru fiye da goma yana fitar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da waɗannan sunaye, kuma kowace shekara ko biyu sabon zubi ke fitowa. Core i7-2600 na shekarar 2011 ne, zubi na biyu. Core i3-12100 kuwa na 2022 ne, zubi na 12, kuma duk da ƙanƙantar sunansa ya fi wancan sauri nesa ba kusa ba, tare da ƙarancin shan wuta. Lambobin farko da ke bayan karan tsakiya su ne ke faɗin zubi: 6500 na shida ne, 8500 na takwas, 12400 na sha biyu. Mai sayarwa da ya tsaya a kan i7 kawai bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi abin da ya fi muhimmanci ba.

Wannan lissafi ya samu sabon nauyi tun ranar 14 ga Oktoban 2025, lokacin da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10, in ban da wani shirin ƙarin wa'adi na sabunta tsaro da ya ware wa ɗaiɗaikun masu amfani zuwa Oktoban 2026. Windows 11 na buƙatar sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a hukumance, in ban da 'yan ƙalilan, yana karɓar Intel ne daga zubi na takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen daga jerin 2000. Ma'ana, kwamfutocin ofis na zubi na shida da na bakwai, waɗanda kamfanoni a Turai da Amurka ke sallamarwa, su ne ke da araha a kasuwar kayan hannu, kuma dalilin arahar ke nan. Suna aiki lafiya, za su iya ɗaukar Linux, akwai kuma dabarun ɗora musu Windows 11 ta bayan gida, sai dai Microsoft bai yi alƙawarin ci gaba da sabunta irin waɗannan ba. Ga mai buga takardu a shago, wannan ba lallai ya zama damuwa ba. Ga wanda zai zuba kuɗinsa a kan kwamfuta 50 don buɗe cibiyar jarrabawa, tambaya ce da ya kamata ya yi kafin ciniki.

Bayan zubi sai dacewa. Kowace furosesa tana da irin gurbin da take zama a kan madabod, babban allon da dukkan sassa ke hawa. Gurbin LGA1700 na Intel na ɗaukar zubi na 12 zuwa na 14. AM4 na AMD ya yi dogon zamani, shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi ke son sa, domin mutum zai iya sauya furosesa ba tare da ya sauya allo ba. AM5 da ya fito a 2022 kuwa DDR5 kaɗai yake karɓa. RAM ta DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, domin tsagin da ke ƙasansu ba wuri ɗaya yake ba. Akwai kuma abin da masu sayen kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk ke ganowa a makare: da yawansu na da mahaɗar wuta da girman allo na kamfanin kaɗai, don haka babban katin hoto ba zai shiga akwatin ba, ko ya shiga babu wutar da za ta riƙe shi.

Ba a cinikin biri a sama

Mafi yawan abin da ke hannun masu haɗawa tokumbo ne, kuma tarihin kayan tokumbo a Legas ya isa ya sa mutum taka-tsantsan. A 2005, ƙungiyar Basel Action Network ta ruwaito cewa kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke shiga Legas duk wata, kuma kaso mai yawa daga ciki ba ya gyaruwa. Bayan shekaru goma, wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da abokan aikinta a tasoshin jiragen ruwan Legas, a 2015 da 2016, ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa a shekara, fiye da tan 15,000 daga ciki matattu ne, kuma akasarinsu a cikin motocin tokumbo ake cusa su. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idoji a 2011 da suka haramta shigo da kayan da ba sa aiki, amma ƙa'ida a takarda ba ta gwada wa mai saye RAM.

Shi ya sa gogaggu ba sa zuwa kasuwa hannu rabbana. Sukan riƙe filas mai ɗauke da ƙananan manhajoji na kyauta. CPU-Z na bayyana ainihin furosesa da RAM da ke cikin na'ura, ko da an liƙa wata sitika a waje. CrystalDiskInfo na karanta bayanan da faifan ajiya ke rubutawa game da kansa, har da adadin sa'o'in da ya yi a kunne. Faifan da aka ce sabo ne amma ya nuna sa'o'i 20,000 ya riga ya yi aikin fiye da shekara biyu ba dare ba rana. H2testw na cika faifai da bayanai sannan ya karanta su, wanda ta haka ake kama SSD da filas na jabu da ke nuna girman da ba su da shi. MemTest86 kuma na RAM ne, sai dai yana cin lokaci, kuma a kasuwar da kowa ke sauri, samun mai shagon da zai bari a yi gwajin alama ce a kan kanta.

Katin hoto ya fi kowane sashe tsada a wurin masu tace bidiyo da masu wasanni, kuma shi ya fi tara labari. Lokacin da tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da haƙa a ranar 15 ga Satumban 2022, ɗimbin katunan da suka shafe shekaru suna aiki ba hutu suka kwararo kasuwannin duniya. Ba dukkansu ne suka lalace ba. Wasu ma an kula da su fiye da na gida. Amma fanka kan gaji, man da ke sanyaya ƙwaƙwalwar katin kan bushe, kuma ba a gane haka da ido. Sai an ɗora masa aiki mai nauyi na mintuna 15 zuwa 20, ana lura da zafinsa da kuma ko hoto zai fara yayyagewa. Akwai kuma tsofaffin katuna da ake sauya wa bayanan ciki su riƙa amsa sunan sababbi, irin GTS 450 da aka sha sayarwa a matsayin GTX 1050 Ti. GPU-Z kan tona asirin da yawa daga cikinsu.

Ko sabon zubi ma bai kuɓuta ba. A 2024 Intel ya amince cewa wasu manyan furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14 na lalacewa sannu a hankali saboda yawan ƙarfin wuta, ya fitar da gyara, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garantinsu. Gyaran na hana lalacewa nan gaba, amma ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu, kuma mai sayen na hannu a Ikeja da wuya ya samu hanyar cin moriyar wannan garanti.

Wuta

Sashen da aka fi yi wa rowa shi ne akwatin da ke rarraba wuta, wanda 'yan kasuwa ke kira pawa-fak. Mutum zai kashe dubban ɗaruruwa a kan katin hoto, sannan ya nemi mafi arahar pawa-fak a kasuwa, alhali idan ya ƙone yakan tafi da madabod da faifai. A unguwar da ake yawo tsakanin wutar Ikeja Electric da janareta da inbata, wannan ganganci ne. Lantarkin Najeriya na kan bolt 230 ne, na Amurka kuwa 120. Tsofaffin akwatunan da suka fito daga can na da wani ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Idan aka jona shi yana kan 115, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi.

Kuɗin wutar ma ya shiga lissafi. Tun da hukumar NERC ta ɗaga farashin rukunin Band A a watan Afrilun 2024, yunit ɗaya ya haura naira 200. Kwamfutar da ke shan wat 400 na sa'o'i takwas a rana na cin yunit 3.2, wato kusan naira 20,000 a wata ga wanda ke wannan rukuni. Tsohon kati mai araha da ke zuƙar wuta na iya cinye rarar da aka samu wajen sayensa kafin shekara ta zagayo.

Sauran kuma batun mutane ne. Bakin kasuwar cike yake da 'yan kamasho da ke tare baƙo su ja shi shagon da za su samu la'ada, kuma wanda ya saya a hannun mai tsaye a titi ba shi da inda zai koma gobe. Masu shaguna na da ƙungiyarsu, CAPDAN, wadda ake kai wa ƙorafi. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta bai wa mai saye damar duba kaya kafin ya biya da kuma mayar da wanda ya fito da aibi, kuma hukumar FCCPC ta tarayya da LASCOPA ta Jihar Legas na karɓar koke. Sai dai duk wannan na tafiya ne da rasit mai ɗauke da sunan shago, da lambar jikin kayan, da kwanakin gwajin da aka amince a kai. Rasit ɗin na da wani amfani na biyu: kwamfutar tafi-da-gidanka da aka samu a ɓagas, musamman mai kulle da kalmar sirri ta wani kamfani, na iya zama ta sata, kuma karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa.

Sassan da suka mutu murus kuwa ba a zubar da su. Akwai masu saye a kan kilo, akasarinsu 'yan jari-bola daga Arewa da ke zagaya Ikeja da Alaba da juji irin na Olusosun a Ojota, domin jan ƙarfe da alminiyom da ɗan zinaren da ke jikin alluna. Madabod ɗin da wani ya saya ranar Litinin bai gwada ba, kan iya isa buhunsu kafin Juma'a, a kan kuɗin da bai kai na motar komawa Agege ba.